Sabulun Malama a Hannun Kafinta

Asabar, da hantsi

Mun dawo gida jiya, alhamdulillahi. Matata Malama a kan keken da asibiti suka ara mana, ni ina turawa, 'yarmu Auta tana biye da jakunkuna. Ƙofar falon nan ni na ƙera ta da hannuna, amma sai da na cire ƙyauren kafin keken ya shige.

Ɗazu na shiga sito neman tsintsiya, ƙamshin lemun tsami ya tare ni. Sabulun da ta zuba ne da safiyar ranar. Yana nan cikin mazubin katako, lulluɓe da tsohon bargo yadda ta bar shi. Safar hannunta ɗaya a kan tebur, ɗaya a ƙasa. Na ɗauki ta ƙasan na ajiye kusa da 'yar'uwarta, na ja ƙofa.

Tun da ta bar koyarwa take wannan sabulu. Ba ta sayarwa, rabawa take yi. Duk layin nan babu gidan da ba a wanka da shi. Na sha yi mata tsiya cewa ta mayar min da sito wurin gwaje-gwaje.

Ba zan rubuta komai a kan ranar ba.

Lahadi, bayan azahar

Ta ci abinci kaɗan. Auta ce ta ba ta a baki. Da na gwada, sai ta kau da kai.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama hannun dama da baki, amma maganar tana nan a ciki, hanya ce ta toshe, kuma hanya tana iya buɗewa. Na riƙe wannan. Mace da ta yi shekaru tana cika aji da murya, har yaran layi suna gane tarinta daga nesa su gyara tafiya.

Hannun yana nan yadda yake.

Talata, da safe

Na fito da sabulun zuwa baranda. Ita takan yanka shi washegarin zubawa, da siririyar waya, lokacin yana da taushi kamar cuku. Wannan ya daɗe a mazubi, waya ta ƙi shiga. Na ɗauko zarto na ja layi da fensir na yanka shi kamar katako. Ya fita tas, babu wanda ya fi wani. Gaskiya na ji daɗin aikina.

Na kai mata guda ɗaya a kan faranti. Na ce, "Malama, ga kayanki. Duba ki gani ko na iya."

Ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya fuska bango.

Na jera sauran a kan kantar sito, da tazara a tsakani, don na san takan ce sai sun sha iska wata guda da wani abu kafin su taɓa jikin mutum. Wannan dai na sani.

Laraba, da yamma

Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, ta sake kawo abinci. Kullum sai ta kawo, ba ta taɓa tambayar ko muna so ba, ta ajiye ta ɗauki kwanon jiya. Allah ya saka mata da alheri. Yau ta ce, "Malam, ko zan leƙa ta? Ko gaisuwa ce."

Na shiga na faɗa. Malama ta rufe ido. Na koma na ce tana barci.

Maman 'Yan Biyu ta ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce mata ba sauri nake yi ba." Ta san ba barci ba ne. Shekara nawa suna hira ta kan katanga.

Alhamis, da hantsi

Dogo, abokin aikina a shago, ya zo da labarin aiki. Ya ce kada in damu, zai riƙe shagon har in dawo. Muna falo, Malama tana kan kujera kusa da taga. Cikin hira sai ya ce, "Ai dole mu taimaki juna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Dogo ya dubi ƙasa kamar ya nutse. Bawan Allah, da zai tafi har ya manta hularsa.

Juma'a, bayan la'asar

Mun ɗan yi sa'insa da Auta. Ta shiga sito ta fito da robar sodar haɗa sabulu tana riƙe da ita nesa da jikinta.

"Baba, wannan abin guba ne. Yana cin fata. Wa zai ƙara taɓa shi? Bari in fitar da shi gaba ɗaya, da man da kwanukan, a samu wurin ajiye keke."

Na ce ta mayar.

"Baba, Umma ba za ta…"

Na ce ta mayar, ba nata ba ne. Ta mayar, ta shiga kicin ta yi kuka. Na bi ta na ba ta haƙuri. Yarinyar nan ta bar mijinta da ɗanta tana kwana a tabarma a ɗakin uwarta. Ban da bakin gode mata.

Injiniya, babban ɗanmu, ya bugo waya. Ya ce akwai babban asibiti kusa da gidansa, ga matarsa tana gida, a kai Umma can. Na ce mu gani tukuna.

Asabar, da rana

Ta ci abinci kaɗan. Hannun yana nan yadda yake.

Litinin, bayan azahar

Sistar da ke zuwa motsa mata hannu da ƙafa ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, jikin yana amsawa, zuciyar ce ba ta amsa ba. Me Mama ta fi so a duniya?"

Na ce, "Gyara wa mutane kuskure."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Na ce, "Sai sabulu."

"To ku yi a gabanta mana."

Na ce ni kafinta ne, ko shayi ban iya haɗawa yadda take so ba. Ta ce, "Ai shi ke nan, an samu duka biyun."

Laraba, da yamma

Bari in rubuta wannan a tsanake, kada in manta komai.

Da safe na fitar da tebur baranda saboda iska. Na turo Malama na ajiye ta nesa kaɗan, inda za ta gani. Ba ta so ba, amma ba ta rufe ido ba. Awon yana liƙe a jikin ƙofar kabad da rubutunta, na bi shi. Na ɗora roba a sikeli na auna man zaitun, na narkar da man kwakwa na haɗa. Na sa safar hannunta, ta matse ni, na sa tabarau na rufe hanci. Auta tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu tana cewa, "Baba, a hankali."

Na auna soda a jug ɗaya, ruwa a ɗaya. A shago, in za mu dama gam, ruwa muke zubawa a kan gari. Don haka na ɗaga jug ɗin ruwa na karkata shi kan soda.

"A'a!"

Na tsaya da jug a sama. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na waiwaya, Malama ta tasa jikinta gaba a keken, hannun hagu yana dukan hannun kujera, idanunta a kaina kamar yadda take kallon yaron da ya hau katangar makaranta.

"Soda," ta ce. Bakin ya karkace, ta yi ta fama, muka jira. "Kan… ruwa."

Auta ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Ni kuwa na ajiye jug ɗin. Na ce, "To, Malama. Soda kan ruwa." Na yi ta zuba sodar kaɗan-kaɗan a cikin ruwan ina juyawa, jug ɗin ya ɗauki zafi, tururi mai yaji ya tashi. Daga baya Auta ta duba a waya ta ce da na yi yadda na nufa, da ya tafaso ya watso min a fuska.

Ba ta sake cewa komai ba yau. Ba ma bukata. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Alhamis, da safe

Na manta ban rubuta yadda sabulun ya ƙare ba. Da ruwan sodar ya huce na juye shi cikin mai, na sa ɗan injinta na hannu na yi ta kaɗawa har ya fara kauri. Sai na ga turaren da aka rubuta ya yi kaɗan, na ƙara da karamci. Kafin in ɗauko mazubi abin ya ƙame a cikin roba kamar siminti, muciya ta tsaya a tsakiya cak.

Malama ta yi wata ƙara. Na tsorata, na ɗauka shaƙewa ta yi. Ashe dariya ce. Da rabin baki take yi, hawaye yana zuba, tana nuna muciyar. Na ce, "Yi dariyarki, ai wanda bai ɓata ba bai koya ba."

Ta cinye abincinta duka. Kuma ni na ba ta.

Asabar, bayan la'asar

Na je shago na ɗan lokaci na ƙera mata wani katako mai rami a tsakiya wanda ake ɗaure shi a tebur, roba ta zauna a ciki ba ta motsi. Da shi za ta iya juyawa da hagu. Na goge shi sumul don kada ya kama mata riga.

Mun sake zubawa. Ni ne mai soda, ita ce mai ido. Tana ɗaga muciya ta ɗiga a kai, in ɗigon ya nutse nan take sai ta girgiza kai. Da ya fara barin layi a sama kafin ya ɓace ta ce, "Ya yi." Kalmomin yau: ya yi, bari, kai. "Kai" ɗin ta faɗe shi sau da yawa, duk a kaina.

Na bugo wa Injiniya na sa masa ita a waya. Ta ce masa, "Kai." Na ji yana jan hanci.

Auta za ta koma gidanta gobe, ta riƙa zuwa da yamma. Ni na ce ta tafi. Zan iya.

Talata

Mun koma asibiti.

Laraba, da rana

Ban yi nisa ba. Kanti kawai na je, nan bakin titi.

Alhamis, da rana

Babu karaya. Ɗinki ne a goshi, sai kumburi a kafaɗa. Likita ya ce ba irin na farko ba ne, santsi ne kawai. Na sa shi ya maimaita min.

Man zaitun ne ya ƙare. Na bar ta tana gyangyaɗi, na ce kafin ta farka na dawo. Ban san tana gwada tashi ita kaɗai ba. Maman 'Yan Biyu ce ta ji ta kan katanga, ta turo ƙofa ta shiga. Da na dawo na same su a ƙasan banɗaki, kan Malama a cinyarta, ta danne goshin da gyalenta tana cewa, "Ni ce, ni ce, ba kowa ba ne." Galan ɗin man yana hannuna. Ban san lokacin da na sake shi ba.

Allah ya saka wa matar nan da gidan Aljanna.

Malama ba ta yi magana ba tun shekaranjiya.

Asabar, da yamma

Muna gida. Injiniya ya iso da mota. Ya gaishe ni yadda ya kamata, bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Da ya ɗaga ma da ya fi min sauƙi.

Ya ce, "Baba, ba laifi nake ba ka ba. Amma kai ma ka manyanta. Yau goshi ne. Gobe fa?"

Gaskiya ya faɗa. Yaron nan ya baro aikinsa, ya gyara mata ɗaki a gidansa, har gado ya canja. Mutum ya haifi irin wannan ya ce me, in ba godiya ba?

Na ce Litinin sai su tafi.

Lahadi, da hantsi

Na shiga sito ina juya sabulai don ɗaya gefen ya sha iska. Wanda muka zuba tare ya yi kyau, sai ɗan farin gari a samansa kamar toka, wanda takan ce ba komai ba ne, wanka ɗaya yake tafiya. Na daɗe a ciki. Ba aikin da ya kai haka ba ne.

Auta tana haɗa mata kaya a akwati.

Litinin, bayan azahar

Mota tana ƙofar gida tun safe, an sa akwati a baya. Muna falo, Injiniya yana yi min bayanin magunguna da ranar ganin likita, duk a kan Malama muke magana, tana zaune a tsakaninmu. Sai Auta ta ajiye filon da ke hannunta ta ce, "Yaya, wai ni kam, akwai wanda ya tambayi Umma?"

Muka dubi juna. Kunya ta kama ni.

Injiniya ya durƙusa a gabanta. "Umma, za mu tafi gidana ki huta, ki ga jikokinki. Kin yarda?"

Ta dube shi, ta dubi akwatin hannu da ke bakin ƙofa. Muka jira. Na koyi jira a makonnin nan. Wuyanta ya yi ta motsi kafin abin ya fito.

"Ina… nan."

"Umma, saboda lafiyarki ne. Kin ga abin da ya faru."

Ta ɗaga hannun hagu ta taɓa ɗinkin goshinta, sannan ta buga ƙirjinta. "Ni," ta ce. "Ni… na tashi." Ta nuna ni, ta girgiza kai. Wato ba laifina ba ne.

Na fita baranda. Ba zan rubuta abin da na yi a can ba.

Da na dawo, Injiniya yana zaune a ƙasa ya jingina da keken, ta dafa kansa. Ya ce, "To, Umma. Amma da sharaɗi." Za a samo mace mai kula da ita da safe. Za a kafa abin riƙewa daga ɗaki har banɗaki. Kuma babu tashi sai da mutum kusa. Ta ɗaga kafaɗa ɗaya, wato ta ji.

An sauke akwati.

Laraba, da yamma

Ni da Injiniya muka kafa katakon riƙewa a jikin bango. Rabonsa da riƙe min guduma tun yana makarantar firamare. Ya ce layina ya karkace, na ce ya kawo na'urarsa ya gwada. Ya gwada. Ya ɗan karkace. Na ce bangon ne.

Bayan mun gama, uwarsa ta nuna masa sito ta ce, "Safa." Haka ya sa safar hannu da tabarau a kan rigarsa mai tsada, ya yi ta kaɗawa tana ce masa, "Bari. Yi. Bari." Na yi zamana a kujera ina kallon wani yana shan abin da na sha.

Gobe zai koma. Ta sa an naɗe masa waɗanda na yanka da zarto, don sun daɗe tun a mazubi, sun isa amfani. Matarsa, in ji shi, tun tuni take cigiya.

Asabar, da safe

Yatsu biyu sun motsa. Sista ta gani, ni ma na gani. Ba zan yi ɗoki ba. Sista ta ce sannu ba ta hana zuwa.

Yatsu biyu.

Lahadi, bayan la'asar

Maman 'Yan Biyu ta kawo abinci, ta juya za ta tafi kamar kullum. Daga falo Malama ta ce, "Shigo."

Na bar musu falon. Maman 'Yan Biyu kaɗai take zuba labari, wa ya haihu, wa ya tashi daga layin, yadda 'yan biyu suka fasa mata tulu. Malama tana cewa "kai" da "to". Sun fi awa. Da za ta fita ta ce min a hankali, "Malam, namu ya ƙare a gida, yara sun ƙi na kanti. Kuma ni ina so in koya." Na ce ta tambayi mai abin.

Laraba, da yamma

Yau na koma shago sosai, karo na farko. Mai kula da Malama ta zo da wuri, mace mai natsuwa. Na nuna mata magani, na nuna mata abin riƙewa, na sake nuna mata magani. Auta ta bugo ta ce, "Baba, don Allah ka tafi."

Na tafi, amma hankalina bai bi ni ba. Na yanka katako ɗaya gajere, na yanka na biyu gajere. Dogo ya karɓe zarton ya ce in zauna kafin in ƙarar da kayan mutane. Kafin azahar na kasa haƙuri, na ce bari in leƙa gida in dawo.

Tun daga ƙofa na ji hayaniya. Na shiga da sauri. Mata ne a baranda: Maman 'Yan Biyu da safar hannu har gwiwar hannu, matar mai kanti, da mai kula da Malama, kowacce ta ɗaure hanci. Malama tana kan kujera a tsakiya, ba keke ba, kujera, da muciya a hannun hagu tana nuna sikeli. Matar mai kanti ta zarce awo, ana sa ta tana ragewa da cokali.

Duk suka juyo suna kallona. Na ce, "Na zo ne in ga ko ana bukatar wani abu."

Malama ta dube ni daga sama har ƙasa, da garin katako a rigata. Ta ɗauki lokacinta.

"Malam," ta ce. "Muna… aiki. Koma… shago."

Matan suka fashe da dariya. Na juya na fita.

Na isa shago na zauna a kan benci. Dogo ya dube ni ya ajiye guduma. "Lafiya? Me ya faru? Idonka ya yi ja."

Na ce, "Lafiya lau. Kora ta aka yi daga gida."

"Wa ya kore ka?"

"Malama," na ce. "Da bakinta. Miƙo min zarton nan."